TUYA BA ALBASA: SHARHI A KAN MATSAYIN KIƊA A NAZARIN WAƘAR BAKA A JAMI'O'INMU

1.0 Gabatarwa

Yau fiye da shekara hamsin ke nan da waƙar baka ta Hausa ta sami gurbi a manhajar jami'o'in ƙasar nan. A tsawon wannan lokaci an rubuta kundayen digiri masu ɗimbin yawa a kan makaɗan fada da na jama'a da na sana'a da na maza, an taskace matanin waƙoƙi dubbai, an kuma fitar da tarihin makaɗan da a da ba a san ko garin haihuwarsu ba. Wannan aiki ne babba wanda ba mai raina shi sai wanda bai san wahalar juyar kaset ba.

Sai dai duk wanda ya zauna ya duba kundayen nan da idon basira zai lura da wani giɓi. Ɗalibi zai kawo tarihin makaɗi, ya ambaci sunan abin kiɗansa a cikin layi ɗaya ko biyu, daga nan sai ya rufe wannan babi, ya shiga turke da tubalansa da adon harshe har ƙarshen kundi. Kiɗan da aka gina waƙar a kansa ba ya sake fitowa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan giɓi ba ƙarami ba ne, domin yana sa mu yanke wa waƙa hukuncin da ba nata ba. Za a dubi yadda aka yi kiɗa ya faɗi a hanya, da abin da muke asara, da yadda lamarin ya shafi yanki irin namu na Muri, sa'annan a kawo shawarwari.

2.0 Ƙofar da Waƙa ta Shigo

Waƙar baka ta shigo jami'a ne ta ƙofar harshe da adabi, kuma kowace ƙofa tana da faɗinta. Malaman farko na sassan Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato masana harshe ne da rubutacciyar waƙa. Kayan aikin da ke hannunsu, wato aruli da amsa-amo da balaga, an ƙera su ne domin abin da ke kan takarda. Da waƙar baka ta zo, sai aka fara mayar da ita rubutu tukuna, aka jera ta layi-layi kamar baitoci, sa'annan aka auna ta da ma'aunin da aka saba da shi.

Ta ɗaya gefen kuma, nazarin kiɗa a matsayin fanni mai zaman kansa ya fara ne a kudancin ƙasar nan. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta buɗe Sashen Kiɗa a 1961, wanda shi ne na farko a ƙasar, wasu jami'o'in kudu suka biyo baya. Manhajar da aka fara da ita ta jingina sosai ga kiɗan Turai da rubutunsa da fiyano. Saboda haka sai aka wayi gari masu nazarin kalmomin Shata suna wata nahiya, masu ilimin auna sauti suna wata, ba mai leƙa zauren wani.

Akwai kuma dalili na al'ada wanda bai kamata a ɓoye shi ba. Bahaushe yana son kiɗa, amma bai cika son a ce ɗansa makaɗi ne ba, domin ya haɗa kiɗa da roƙo. M. G. Smith ya yi bayanin wannan matsayi na maroƙa tun a 1957. Haka kuma malaman jihadi sun yi rubuce-rubuce a kan kaɗe-kaɗe, inda suka rarrabe wanda ya halatta da wanda bai halatta ba, kamar yadda Veit Erlmann ya tattaro a littafinsa na 1986. Wannan ya sa ɗalibi ya fi sakewa ya ce yana nazarin hikimar makaɗi da ya ce yana nazarin gangarsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, abin da ya dace ƙwarai, amma kalangun da ya ɗauke shi ya kai shi wannan matsayi bai sami kulawar da ta dace da shi a sassanmu ba.

Abin mamaki shi ne, an riga an share fagen. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, bisa binciken da suka yi a ƙasashen Zazzau da Katsina. Fremont Besmer ya yi nazarin kiɗan fadar Kano da na bori. Dandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. A gida kuma Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, inda ya ba rauji da tsarin rerawa da amshi gurbinsu. Ke nan laifin ba na magabata ba ne. Mu ne muka ɗauki abin da ya fi sauƙin rubutawa a jarrabawa, muka bar sauran.

3.0 Abin da Takarda Take Zubarwa

Asara ta farko ta shafi harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma daidaitacciyar ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna ko ɗaya daga cikinsu. Kalmar kuka, in an ɗaga gaɓoɓinta duka biyu, hawaye ne; in an ɗaga ta farko an sauke ta biyu, itaciya ce. Wuya na jiki da wuya ta wahala ba abin da ya raba su sai hawa da saukar murya. Makaɗi yana aiki da wannan hawa da sauka kamar yadda magini ke aiki da ƙasa. Paul Richards ya auna wata waƙar Hausa gaɓa-gaɓa a 1972, ya nuna cewa rauji ba ya bin karin sauti sau da ƙafa, amma kuma ba kasafai yake saɓa masa kai tsaye ba. Tsakanin bi da saɓawa nan ne gwanintar makaɗi take. Haka nan Dalhatu Muhammad ya jawo hankali a 1980 ga amsa-amon kari, wato yadda layuka ke ƙarewa da karin sauti iri ɗaya. Wanda bai saurara ba, ta yaya zai ga wannan a takarda?

Asara ta biyu ita ce maganar ganga. Kalangu yana da tsarkiya wadda makaɗi ke matsawa a hammata, sauti ya hau, ya saki, sauti ya sauka. Da haka yake kwaikwayon karin sautin magana har ya faɗi taken mutum ba tare da an buɗe baki ba. Mahauci yana jin takensa a kalangu, ɗan dambe yana jin nasa, basarake yana jin nasa a kakaki da algaita da tambari. Wannan matani ne cikakke, mai ma'ana, wanda wani lokaci yake faɗin abin da bakin makaɗi ya ƙi faɗa, musamman a wajen zambo da habaici. Mai juyar kaset yakan bar wurin fili, ko ya rubuta kalmar kiɗa a cikin baka biyu ya wuce. Ashe rabin zancen ne ya tsallake.

Asara ta uku, wadda ta fi shafar hukuncin manazarci, ita ce ta tsari. A nan ya kamata mu tsaya mu kwatanta makaɗa uku.

Waƙar Shata in an rubuta ta takan zama kamar mai yawan maimaici. Gindin waƙa gajere ne, 'yan amshi suna dawo da shi bayan kowane ɗa ba tare da sauyi ba. Ɗalibin da ke kallon takarda yakan gaji, ya rubuta gindin sau ɗaya, ya ce sauran duk haka ne. Amma a kunne, wannan gindi da kalangai su ne turken da aka kafa, shi kuwa Shata yana kewaya shi yadda ya ga dama: ya shigo da wuri, ya yi jinkiri, ya cusa kalmomi da yawa a ɗan fili, ko ya ja kalma guda ta cika filin duka. 'Yancinsa ya dogara ne ga rashin motsinsu. Wanda ya share maimaicin ya share ma'aunin da za a gane gwanintar da shi.

Makaɗan fada masu kotso irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, da masu taushi irin su Salihu Jankiɗi, tsarinsu daban ne. A wurinsu 'yan amshi ba masu jiran gindi kawai ba ne. Jagora yakan fara magana su tarbe shi kafin ya dire, ko su raka shi, ko su yi ƙari a kan abin da ya faɗa, ko a yi ba-ni-in-ba-ka. Irin wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an shirya, an san inda kowa zai shiga da inda zai fita. Abin da masana kiɗa na duniya ke kira tsara kiɗa ke nan, wato raba aiki tsakanin muryoyi da kayan kiɗa domin waƙa ta tashi da siffar da ake so. Kalmomin tarbe da rakiya da ƙari suna nan a littattafanmu, ɗalibai suna haddace su, amma ba safai ake tambayarsu me ya sa aka yi tarbe a wannan ɗa aka yi rakiya a wancan ba.

Ɗanmaraya Jos kuwa ba shi da 'yan amshi sam. Kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya shi ne abokin zancensa: ya faɗi layi, kuntigi ya amsa, wani lokaci ya ƙarasa masa. Idan aka rubuta waƙarsa aka jera ta kusa da ta Narambaɗa, sai a ga kamar tasa ba ta da nauyi. Wannan hukunci zalunci ne, domin an kori ɗaya daga cikin masu magana biyu sa'annan aka ce zancen bai cika ba. Haka abin yake ga Barmani Coge da ƙwaryarta, da Haruna Uji da gurminsa.

Ko a rubutacciyar waƙa ma, wadda muke ganin ta tsaya da ƙafarta a takarda, binciken Russell Schuh da Bruce Hayes da aka buga a 2019 a kan karin rajaz ya nuna cewa awon da ke cikin rubutu da awon da mai rerawa ke bi abubuwa biyu ne masu alaƙa, kuma kowanne yana da ƙa'idarsa. In haka ne ga waƙar alƙalami, ina ga wadda ba ta taɓa sanin alƙalami ba?

4.0 Darasi Daga Ƙasar Muri

Wannan matsala ta fi tsanani a yanki irin namu. Jihar Taraba, wadda aka ƙirƙiro a 1991, tana cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a Nijeriya. A gari kamar Sunkani, hedikwatar ƙaramar hukumar Ardo Kola, Bafulatani da Bamumuye da Bajukunen Kona da Bahaushe suna cin kasuwa ɗaya, kuma Hausa na cikin harsunan da ke haɗa su. Saboda haka ana waƙa da Hausa a wurin biki da gona da taron siyasa, a makarantun Islamiyya da majami'u, a bakin mutanen da da yawansu Hausa ba ita ce harshen da suka tsotsa ba.

Idan aka tura ɗalibi ya tattaro irin waɗannan waƙoƙi da ma'aunin takarda kaɗai, me zai kawo? Zai kawo matani mai sauƙin kalmomi, wanda jinsi ke rikicewa a cikinsa, ba kirari mai zurfi, ba tsohuwar Hausa irin ta Gobir ko Zamfara. Sai ya kammala da cewa waƙar ba ta kai ta makaɗan Sakkwato ba. Alhali abin da ya sa waƙar ta zama abin nazari yana cikin sautinta: kalmomin Hausa ne aka ɗora a kan kiɗa da rauji da salon amshi waɗanda mai yiwuwa tushensu na wata al'umma ne. Wurin da al'adu suka gamu ke nan, kuma kunne kaɗai ke iya shaida shi. Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a Jalingo a 2008 da Jami'ar Tarayya ta Wukari da aka kafa a 2011 suna zaune a tsakiyar wannan taska. Idan suka kwaikwayi Kano da Sakkwato a komai, za su zama 'yan amshi har abada, alhali a wannan fage suna iya zama jagora.

Waƙoƙin majami'u na wannan yanki sun isa misali a kan sha'anin tsara kiɗa. Waƙoƙin da aka fassaro daga Turanci aka bar su da raujinsu na Turai sukan taka karin sautin Hausa, murya ta hau inda harshe ke son sauka. Idan kuma aka raba mawaƙa murya huɗu bisa ƙa'idar Turai, wadda ke son wata murya ta hau yayin da wata ke sauka, to a gaɓa guda wani rukuni yana faɗin kalma daidai, wani yana faɗin wata dabam. Masana kiɗa na kudu irin su Laz Ekwueme sun daɗe da tattauna wannan matsala a harsunansu. Amma ƙungiyoyin zumuntar mata, waɗanda ke ƙirƙirar nasu waƙoƙin da jagora da amshi da tulu da caki, sun warware ta ba tare da sun shiga aji ba, domin raujinsu daga bakin magana yake tasowa. Wannan ya nuna cewa ɗauko manhajar kiɗan Turai ɗungurungum ba shi ne magani ba.

5.0 Fiyano da Sabon Mai Tsara Kiɗa

Yayin da jami'a ke jinkiri, kasuwa ba ta jira ba. Tun daga shekarun 1990, da bunƙasar finafinan Hausa a Kano, fiyano samfurin Yamaha ya zama uwar makaɗa a situdiyo. Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan sauyi. Yau yaro ɗaya da fiyano da kwamfuta yana yin aikin da a da sai ƙungiya guda: shi ne mai kalangu, shi ne mai kuntuku, shi ne mai sarewa. Shi ne mai tsara kiɗan wannan zamani, kuma a hannunsa kunnen 'ya'yanmu yake.

Ba daidai ba ne a yi wa waɗannan matasa kallon masu ɓata al'ada. Sun koyi sana'arsu da ka, a wajen na gaba da su, kamar yadda makaɗan dauri suka koya, kuma a cikinsu akwai masu kunne na gaske. Amma na'urar da ke gabansu an gina ta ne a kan ma'aunin sauti goma sha biyu na Turai, da kaɗe-kaɗen da aka riga aka cusa mata. Sautin kalangu da ke cikinta hoto ne wanda ba ya matsuwa a hammata, don haka ba ya magana. Goge kuwa yana zamewa tsakanin sauti da sauti, inda fiyano ba shi da maɓalli. Idan ba a sami masu ilimin da za su bayyana wannan bambanci ba, za a wayi gari abin da na'ura ba ta iyawa ya fita daga kiɗan Hausa, ba don an ƙi shi ba, sai don ba wanda ya lura da ficewarsa. Manazarcin da bai san kiɗa ba kuwa ba shi da abin cewa a kan waƙar zamani illa ya yaba jigo ko ya yi kukan lalacewar tarbiyya.

6.0 Hanzari da Amsa

Wani zai ce mu malaman adabi ne, ba makaɗa ba. Gaskiya ne, kuma ba a ce kowa ya rataya kalangu ba. Amma wanda ke koyar da wasan kwaikwayo bai isa ya ce bai san dandamali ba. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya iya ƙirga bugu, ya gane inda jagora ya shiga, ya bambance kotso da taushi da kunnensa.

Wani kuma zai ce rubuta kiɗa zai daskarar da shi. Wannan tsoro yana da tushe, domin makaɗi ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Amma ai mun riga mun daskarar da kalmomin, ba mu ji tsoro ba. Rubutu taswira ce kawai, kuma maganin taswira guda shi ne a kwatanta rerawa biyu ko uku na waƙa ɗaya, a ga abin da ke tsaye da abin da ke sauyawa.

Na uku zai kawo batun addini da mutunci. Amsa ita ce, sanin abu daban, yin sa daban. Mun daɗe muna nazarin bori da tsafi da zambo a sassanmu ba tare da an ce mun zama 'yan bori ba. Kuma mai son ya yi hukunci a kan kiɗa, ko na yabo ko na hani, ya fi kowa bukatar ya san abin da yake magana a kai.

7.0 Shawarwari

Maƙwabtanmu sun nuna hanya. A Gana, J. H. Kwabena Nketia da abokan aikinsa a Jami'ar Legon sun shigo da gwanayen makaɗan gargajiya cikin jami'a suna koyarwa tun shekarun 1960. A Nijar an buɗe cibiyar horar da makaɗa ta Alhaji Taya a Yamai a 1989, kuma daga ma'aikatanta ne Malam Maman Barka ya tafi yankin Tafkin Cadi ya koyi kiɗan biram a wajen tsohon gwaninsa, ya ceto shi daga ɓacewa. Bisa wannan, ana ba da shawara kamar haka:

Na ɗaya, a shigar da kwas guda na tilas a kan kiɗan Hausa a digirin farko, wanda rabinsa saurare ne, kuma a yi jarrabawarsa da kunne.

Na biyu, kada a karɓi kundi a kan waƙar baka sai da sautin waƙoƙin a haɗe, da bayanin wuri da ranar da aka ɗauka da kayan kiɗan da aka yi amfani da su. Wayar hannu ta kawar da uzurin rashin na'ura.

Na uku, a riƙa sa alamar karin sauti da tsawon wasali a ɗiyan da aka zaɓa domin tsattsefewa, a kuma nuna inda amshi da ganga suka shigo.

Na huɗu, a gayyato makaɗa na gargajiya da na situdiyo su koyar, a biya su haƙƙinsu kamar kowane malami mai ziyara, maimakon a kira su ranar biki kawai su nishaɗantar da baƙi.

Na biyar, sassan Hausa su haɗa hannu da sassan kiɗa da na wasan kwaikwayo da kwalejojin ilimi, domin malamin firamare da zai koya wa yara waƙar gaɗa daga can yake fitowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa waƙar baka magana ce da kiɗa a haɗe, kuma raba su yana jawo kuskure a hukunci: a ga maimaici inda akwai turke, a ga rauni inda aka cire abokin zance, a ga gurɓatar harshe inda al'adu suka gamu. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Kalmominsu muna da su a kundaye, muryoyinsu suna nan a faya-faye da kaset-kaset, amma 'yan amshi da makaɗan da suka san yadda aka tsara waɗannan waƙoƙi, suka san dalilin kowane bugu, kullum raguwa suke yi. Ɗalibin da ke neman batun kundi a bana zai iya samun ɗayansu a raye ya tambaye shi. Na shekara goma masu zuwa ba lalle ne ya samu ba.